Shafi na Talatin da Bakwai

Eloisa ta hau matakala ɗari da sha biyu
da littafin aro a hammata,
ta dire shi kan teburina, tsakanin kofi da kwalbar magani.
Ta ce, “Kaka, kai naka ido.
Hannu a aljihu.”

Ni Evaristo, da na shekara arba'in
ina ɗora haƙarƙarin jiragen ruwa a tashar Valparaiso,
yau 'yar shekara tara ta sallame ni daga aiki.

Littafin ya sha hannu.
Bangonsa ya yi laushi kamar tsohon takalmi,
gam ya haɗa shafi na tara da na goma, sun ƙi rabuwa.
Wani Baltasar ya rubuta a gefe da fensir:
“Ƙusar nan ta yi tsawo, ta huda mana tebur.”
Ga sawun babban yatsa da shuɗin fenti,
ga ɗigon shayi kan hoton zarto.

Abin da ta zaɓa, kwando mai hawa igiya,
ƙanin taragon nan da ke rarrafe a tudunmu,
don ta riƙa aika wa Hortensia lemon tsami ta tagar bene,
tunda gwiwoyin tsohuwar sun yi yaji.

Kwalin takalmi. Kwarkwaron zare biyu.
Igiyar shanya, wadda uwarta za ta nema ran Asabar ta rasa.
Ta yanka, sannan ta auna.
Ba haka ake yi ba. Na haɗiye.
Kura ta ɗauru a ƙarfen taga,
irin kurar da ba ruwanta da akuya.

Sai ga shafi na talatin da shida,
maƙwabcinsa na talatin da tara,
tsakaninsu giɓi.
Wani ya yage ganyen da ke faɗin
yadda kwando zai tsaya in an saki hannu.

Ta ce ba komai. Ta murza, kwali ya hau, ya hau,
ta saki don ta sosa hanci,
lemo huɗu suka bi matakala suna tsalle,
ɗaya bai tsaya ba sai gaban mai kifi.

Na san amsar.
Tana kan harshena tana yaji kamar barkono:
haƙori da harshe, abin da ke riƙe sarƙar anga.
Hannuna ya fito da kansa.
Ta harare shi. Ya koma.

Kwana uku. Ta gwada dutse, ta gwada ƙulli,
ta yi kuka bayan tankin ruwa
inda take zaton bango ba shi da kunne.
Iskar teku na ta kaɗa igiya a banza.

Rana ta huɗu muna kan abinci,
tana wasa da marfin kwalba, tana jan farce a haƙoransa,
ƙas, ƙas, ƙas.
Ta yi tsit.
Ta tashi, miyarta ta huce a kwano.

Marfin kwalba a jikin kwarkwaro,
tsinken gashin uwarta ya zama harshe:
gaba ya yarda, baya ya ƙi.
Kwali ya tsaya cak a bakin taga,
Hortensia ta kwashe lemo, ta zuba alewa uku
da maɓallin da ta ce nawa ne tun bara.

Daren nan Eloisa ta zana ganyen da ya ɓata,
marfin ya fito kamar rana mai ciwon haƙori.
Ta sa lamba a kusurwa, ta manna shi a giɓin,
gam ya yi yawa, kamar na sauran.
A ƙasa ta rubuta: “In kuna da kaka, ku zaunar da shi.”

Littafin ya koma kan kanta ran Litinin.
Ni kuwa, in gida ya yi barci,
nakan fito da waɗannan hannuwa masu rawa,
in murza a hankali, kwali ba komai ciki,
don kawai in ji ƙas, ƙas, ƙas.